Badukun da Takalma Suka Ƙi Tsinke Wa

A Masar, duk wanda kwaɓar tubali ta cinye wa takalmi, ƙofar Zabdi yake nufa. Baduku ne ɗan baduku, ga tsada ga baƙar magana, amma a haka ake masa layi. Ranar da jama'arsu suka fita daga bautar Masar zuwa hamada, suka ɗauki ƙullu da zinariya, shi kuwa ya ɗauki basilla goma sha biyu da ƙunshin fata, yana kallon dubban ƙafafu yana murmushi. A ganinsa kakarsa ta yanke saƙa.

Sai takalma suka ƙi tsinkewa. Shekara ɗaya, biyar, ashirin. Kullum da safe ga mannu, abincin da ke saukowa daga sama, shimfiɗe a ƙasa, kowa ya tsinci mudunsa, takalmin wanda ya mutu kuma ɗansa ya zura. Zabdi bai taɓa kwana da yunwa ba, kuma abin da ke cin ransa ke nan: ciki cike, amma babu mai neman sa.

Ya riƙa bin mutane yana leƙen diddigensu, har mata suka kai ƙararsa. An taɓa kama shi yana goga takalmin maƙwabci a jikin dutse. Dutsen ne ya zaizaye.

Da tsufa ya kwantar da shi, matarsa Hogla ta kasa jure ganinsa yana shafa basilla yana ajiyar zuciya. Rannan fataken Madayana suka sauka kusa da zango, su kuwa takalmansu na tsinkewa kamar na kowa. Ta ari na wani farke ta kawo.

"Maigida, ga nawa ya tsinke."

Zabdi ya juya shi, ya dube ta. "Ke Hogla, yaushe ƙafarki ta zama ta raƙumi?"

"Za ka gyara ko in kai wa wani?"

"Wa za ki kai wa? Miƙo min zare."

Wuni guda ya yi a kai. Ido ba ya gani sosai, ɗinkin ya fito a karkace, abin tausayi. Da yamma farken ya biyo sawun takalminsa har cikin tanti, ya ɗaga shi sama.

"Tsoho, wannan ɗinki ne ko ɓera ne ya yi wasa? Ka lalata min takalmi!"

Hogla ta miƙe za ta kore shi, Zabdi ya riƙe mata zane. Hawaye na bin gemunsa, fuskar nan kuwa fal da farin ciki.

"Bar shi, 'yar tsohuwa. Shekara talatin da takwas ba a zage ni a kan aikina ba." Ya juya ga farken, ya gyara murya. "Fatarka ce ta banza, ɗan samari. Zauna mu yi ta."