Gardamar Yaƙin Bama Ta Raba Ni Da Ita

A farkon shekarun saba'in ni saurayi ne, ina aikin akawu a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan. In an tashi aiki ba ni da abin yi sai karanta 'yan littattafan soyayya da ake bazawa a bakin kasuwa. A cikinsu kullum saurayi ne ke zuba ilimi gaban uban yarinya, tsoho ya girgiza kai don mamaki, ya ba shi 'yarsa. Ni kuwa na ɗauka haka duniya take.

Yarinyar da nake so tana cikin mawaƙan cocinmu, amma iyayenta suna wani ƙauye wajen Samaru Kataf. Manya sun shiga maganar, saura in je in yi wa ubanta noma yadda aka saba. Kawuna, wanda ya shige mini gaba, ya ja mini kunne tun a mota. Ya ce uban nata tsohon soja ne, ya yi yaƙin duniya na biyu a dajin ƙasar Bama can Asiya, kuma duk wanda ya taka gonarsa sai ya sha labarin. Aikina biyu ne kawai, in ji shi: in riƙe garma, in riƙa cewa haka ne Baba.

Da rana ta yi zafi muka zauna gindin ɗorawa, ita ta kawo kunu. Tsoho ya fara. Ya ce su ne suka karya Japanawa, su baƙaƙen sojoji da suka ɗauki kaya a ka suka ratsa inda mota ta kasa. Da ba su je ba, da yanzu har fasto da Japananci yake wa'azi. Aka yi dariya, aka ce haka ne Baba. Ni kuwa na hango ta tsaye da ludayi a hannu, na ce a raina ga shafin da nake jira. Na gyara murya na ce bam ne ya gama da Japan, Jamus kuma sanyin Rasha da rashin fetur suka kayar da ita, da ba ta buɗe yaƙi gabas da yamma lokaci ɗaya ba da labari ya canza. Kawu ya taka mini ƙafa. Tsoho ya kira ni ɗan akawu, ya tambaya a wace bataliya na yi, ko ta masu tawada ce. Dariyar da aka yi mini ta hau mini kai. Na ce ko da mutum ɗaya daga ƙasar nan bai je Bama ba, ranar da yaƙin ya ƙare ita ce dai ranar.

Ba wanda ya sake kurɓar kunu. Tsoho ya tashi, ya ɗauke garmar da ke gefena, ya ce an gama noma. Rabin gonar na nan ba a taɓa ba. Sai a hanya kawu ya gaya mini cewa tsohon da ƙanensa suka tafi yaƙin, shi ne ma ya ja shi zuwa wurin ɗaukar soja, kuma a bakin wani rafi can ya binne shi. Wato na gaya masa a gaban jama'a cewa ƙanensa ya mutu a banza.

Mun aika dattawa, mun aika fasto, bai sauko ba. Na rubuta mata doguwar wasiƙa cike da wata da taurari. Ta aiko da amsa da baki, cewa sau uku tana girgiza mini kai in yi shiru. Ni na ɗauka burge ta nake yi! Ta auri wani malamin makaranta, wanda na ji ya fi ni sanin tarihi, kuma har tsohon ya rasu haka ne Baba yake ce masa.

Abin da ke ba ni haushi har yau, ni ba Bajamushe ba, ba ɗan Japan ba, ina ruwana da wanda ya faɗi? Samari, in tsoho na ba da labarin yaƙinsa, wataƙila akwai wanda ya baro can da bai ambata ba. Ku bar shi ya ci yaƙin. Ni ban bar shi ba, kuma ban sake taka ƙauyen nan ba.