Hannun da Gwandu Ta Ƙaurace Wa

Kullum da safe Malam Abdulgani Mai Hoto yakan share shagonsa na bakin kasuwar Gwandu, ya rataye labulen nan mai zanen jirgin sama, ya goge idon kyamara. Ranar kasuwar Kalgo kuma ya ɗaure kaya a bayan babur ya kama hanya. Shekara ashirin da biyu ke nan. Duk namijin da ya taɓa zama a kujerarsa ya san yadda yake aiki: ba ya ɗauka sai ya zo ya ɗaga maka haɓa da yatsu biyu, ya daidaita maka hula, sannan ya koma ya ce, "Kada ka ƙifta."

Wannan hannun ne garin nan ya ƙaurace wa shekara uku. Yanzu da idonsa ya yi rauni zai rufe shago, ana so a yi kamar ba a yi ba. Ba za a yi ba.

A 1996 aka kawo takardun gargaɗi a kan ƙanjamau, da zanen ƙwarangwal a jiki. Mata suka yi ta naɗe ƙosai da su, maza suna cewa ciwon wata ƙasa ne. Sai ga Adamu na Dangoma, direban motar shanu, ya dawo daga Kudu da shi. Adamu yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Na rubuta a fili don masu raɗa su huta.

Wata rana ya lallaɓa har shagon, riga tana lilo a jikinsa.

"Malam, hoto nike so. Ɗiyata ba ta kai shekara ba, kada ta tashi ba ta san fuskar ubanta ba."

"Zamna, direba. Yau kai ne fasinja."

Malam Abdulgani ya zo kamar kullum, ya ɗaga masa haɓa, ya gyara masa hula. Adamu ya fashe da kuka. Wata huɗu rabonsa da hannun mutum. Ko a masallaci sai a bar gurbi a gefensa. Da ya share ido ya ce, "Ka wanke babba ka nuna musu. Su ga ba ƙwarangwal ba ne, Adamun da suka ci tuwo da shi ne."

Ya wanke, kyauta. Bayan Adamu mutum shida masu ciwon suka yarda a nuna nasu, wanda bai yarda ba kuwa har yau ba a ji sunansa daga bakin Malam ba. Ya jera hotunan a kan allo, shi da Hajjo ma'aikaciyar jinya suka bi kasuwanni daga Kalgo har Ceberu. Shi yana riƙe da allo, ita tana bayani: gaisawa ba ta sa shi, cin abinci tare ba ya sa shi, a kiyayi aska ɗaya da allura ɗaya, a kiyaye kai a shimfiɗa. Mutanen da ba su taɓa tsayawa don takarda ba suka tsaya don fuskar da suka sani.

Ladansa a gida? Sallah biyu a jere kujerarsa ba kowa. Angwaye suka riƙa hawa mota har Birnin Kebbi don hoto ɗaya. Alhaji Bawa, da hoton fasfo ya matsa masa, ya tsaya a bakin ƙofa yana cewa, "Ɗauka daga can, kada ka taɓa ni."

"Alhaji, hularka ta karkace."

"Bar ta!"

Haka ta je Makka a karkace.

Malam, kai ne ka buɗe shago kullum ka zauna da ƙudaje, ba ka sauke allon ba. Kai ne ka kama makarar Adamu ranar da 'yan uwanmu na jini suka tsaya nesa suna toshe hanci da rawani. Da aka yi taron ranar ƙanjamau aka rataye hotunanka a bayan manyan baƙi, ba a ambaci sunanka ba, ba a ba ka kujera ba. Uban masu rauni, ba ka ce komai ba. Ni na ce.

Na gode, Malam. Allah Ya haskaka idonka, Ya saka maka da abin da muka kasa.

Ku kuma da kuka fara kiransa "namu", kada ku gajiyar da bakinku. Delu matar Adamu tana raye, tana fama, tana dama fura a ƙofar gidanmu a Dangoma, yawanci ta koma da ita ciki ba a taɓa ba. Wanda yake son ya yi koyi da Malam Abdulgani ya je can, ya zauna a tabarmarta, ya sha da ludayinta.