Mama Thobeka da Maganin Farfaɗiyar Yara

Ƙarfe biyar na asuba Mama Thobeka Mgwali take shiga motar haya daga unguwar Zwide, da burodinta a leda. Ƙarfe shida tana gaban fitila a masana'antar magungunanmu ta Gqeberha, tana ɗaga kwalaben maganin farfaɗiyar yara ɗaya bayan ɗaya tana duba su a haske. Shekara talatin da ɗaya tana wannan. Ni nake kwashe kwalayen da ta sa wa hannu, ban taɓa ganin an dawo da ko guda ba.

Gwamnati ke sayen maganin da araha, ribar kaɗan ce. Kuɗin gaske yana cikin abin da ake kaiwa Turai. Shekara biyu da suka wuce wani manaja ya zo daga Johannesburg, ya ce kamfani zai bunƙasa: za a rufe sashenmu, a kafa injinan allurar rage ƙiba.

Duk muka sunkuyar da kai. Mama ta miƙe.

"Ɗana, yaran da ke shan wannan fa?"

"Wani kamfanin zai yi, Mama."

"Wanne? Faɗi sunansa in je in gaishe su."

Ya hau juya takardunsa.

Wata huɗu aka ba mu. Ta matsa sai da aka yarda a haɗa magani da sauran kayan haɗin da ke ajiye, sannan ta bi mu gida-gida mu fito Asabar da Lahadi. Lungile mai kula da inji ya ce, "Haba Mama, korarmu za a yi, kuma mu kashe kanmu?"

"Ko ka kwanta korarka za a yi. Tashi."

Muka haɗa na wata goma sha takwas. Aka sallame ta da agogon bango, ga idanun da fitila ta cinye.

Kamfanin ya bunƙasa kuwa. Maganin ya ƙare a watan jiya. Wata nas a unguwarmu ta ce iyaye mata sun koma fasa ƙwayar manya da wuƙa suna kintata, har an binne yaro ɗaya.

Mama, ke ce uwar yaran da ba su san sunanki ba. Ba ki yi nasara ba, amma shekara ɗaya da rabi kika ƙwato musu. Mun gode.

Mu da muka sunkuyar da kai ranar nan, ku ji: gobe Mama za ta je ofishin lafiya da takardar koke. Ba ta ganin lambar mota. Don Allah wani cikinmu ya fito ya riƙe mata hannu.