Hokin Ƙanƙara a Hayyin Ashir

Ni Bakanuwa ce, amma ban yi wayo a Kano ba. Ina 'yar shekara bakwai Baba ya samu aikin koyarwa a wani ƙaramin gari na Kanada, inda sanyi ke daskarar wa mutum da majina a hanci, ya kwashe mu muka tafi. A can na girma, na zama 'yar ƙasa, a can kuma na kamu da son hoki, wato ƙwallon gorar da ake bugawa a kan ƙanƙara da takalma masu wuƙa a tafinsu. Baba ne ya fara kamuwa. Mutumin da bai taɓa ganin ƙanƙara ba sai a cikin zoɓo, sai ga shi kowace Asabar gaban talabijin da hularsa zanna, yana yi wa alƙalin wasa faɗa da Hausa. Ƙannena maza ba su damu ba. Ni ce mai zama kusa da shi, har na shiga ƙungiyar 'yan matan makarantarmu, ina buga baya da ɗankwalina a ƙarƙashin hular kwano.

A ƙarshen 2011 na bi maigidana Alƙahira, da 'yarmu mai shekara shida. Shi Bazazzagi ne, fiƙihu yake karantawa. Muka kama haya a hawa na huɗu na wani bene a Hayyin Ashir, ƙasanmu shagon wani Basudane mai sayar da turaren wuta. Garin bai gama hucewa daga juyin da aka yi ba. Duk motar da ka shiga gardamar siyasa ake yi, duk bangon da ka duba an yi masa rubutu. Kusan rabin benen namu ɗaliban Najeriya ne da matansu, don haka ban rasa wanda zan yi Hausa da shi ba. Wanda zan yi hirar hoki da shi ne babu.

Da yake lokacin da ake buga wasa a Kanada mu muna barci, sai na riƙa kallon maimaici a kwamfuta da hantsi, bayan na kai yarinya makaranta na ɗora sanwa. Baba kan bugo waya ya ce, "Kin gani?" Ni kuma in ce, "Baba, don Allah kada ka faɗa min!" Sai ya yi wata irin dariya da ke tona komai.

Wata ranar Talata ƙungiyar da nake goyon baya ta zura ƙwallo ana daf da tashi, na saki ihu na buga tebur har murfin tukunya ya faɗo. Ban ankara ba sai ga bugun ƙofa. Malama ce ta hawa na biyu, tana haki, hijabinta a karkace. Malama Bakatsiniya ce, mijinta babban ɗalibi ne da ya daɗe a Masar, ita ke yi mana darasin tajwidi duk Alhamis a falonta. Mace ce mai alheri, ba zan ɓoye ba. Makon da muka sauka, ita ta ciyar da mu har muka sayi tukwane.

"Lafiya, ƙanwata? Na zaci gobara ce."

"Lafiya lau, Malama. Mun ci ne."

"Kun ci me?"

Na juyo mata da kwamfutar. Rashin sa'a, daidai lokacin wasu ƙarti biyu sun yar da sandunansu suna naushin juna. Ta daɗe tana kallo, sannan ta zauna a hannun kujera ta fara yi min nasiha cikin taushin murya. Ta ce ni matar ɗalibin ilimi ce yanzu, ba 'yar makarantar Turawa ba. Ta ce wannan lagwu ne, ɓata lokacin da za a tambaye ni a kansa. Idan kiɗa ya canza, in ji ta, rawa ma sai ta canza.

Na bari ta gama. Sannan na ce, "Malama, na ji, Allah ya saka da alheri. Amma jiya da la'asar na leƙa ta taga na hango Malam ɗinki da nawa a gidan shayin bakin titi, suna tsalle saboda wani ya buga ƙwallo ta shiga raga. Su nasu ba lagwu ba ne?"

"Su maza ne."

"To ni ma na yi sallata, na yi tilawata, ga miyata a kan wuta. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Wannan ne kukan gidanmu."

Ta tashi ta ce Allah ya shirye mu, na amsa da amin da ƙarfi. Daga ranar sunana a benen ya koma 'Yar Kanada.

Bayan 'yan watanni aka yi wani mummunan tashin hankali a filin ƙwallon wani gari na Masar, matasa da yawa suka mutu, aka dakatar da gasar ƙasar. Na yi kuka kamar na san su. Na san abin da ake ji in an saka rigar ƙungiya an fita gida da murna. Ranar Alhamis a wurin darasi wata ta dube ni ta ce, "Kin ga ƙarshen wasa ko?" Na ce mata ba ƙwallo ce ta kashe yaran nan ba, mutane ne, kuma iyayensu addu'a suke buƙata ba habaici ba. Malama ta ce a buɗe surar da muka tsaya.

A wannan shekarar na gano cewa akwai filin ƙanƙara a cikin wani katafaren kanti, tafiyar mota ɗaya daga gidanmu. Wata uwa Bamisiriya ce ta faɗa min a ƙofar makarantar yara. Filin ɗan mitsitsi ne, ƙanƙarar duk ta sha karce, gefenta na tsatstsafar ruwa. Amma da ƙafata ta hau, na ji sanyin nan ya daki fuskata, sai na ji kamar an cire min ƙaya. Na zagaya da doguwar rigata, samarin da ke rarrafe jikin ƙarfe suka saki baki. Sannan na kama hannun 'yata na fara koya mata yadda ake faɗuwa, don da ita ake farawa.

Kafin mako ya zagayo labari ya kai kunnen maigidana, ta bakin mijin Malama. Ya dawo daga Darrasa, unguwar da suke karatu, da littattafai a leda, ya ajiye su, na zuba masa abinci, sannan ya ɗauko zancen.

"An ce an gan ki kina zamiya a kasuwa."

"Ba kasuwa ba ce, Ustaz, fili ne. Kuma a rufe nake ruf."

"Na sani. Amma kin san bakin mutanenmu. Ba za ki haƙura ba har mu gama karatun nan?"

Na ce masa ranar da ya zo neman aurena ya tarar da ni da sandar hoki a bayan ƙofa, bai ce komai ba. Na bar gari na bar iyaye na biyo shi, ban yi ƙorafi ba, amma wannan ɗaya ba zan bari ba. Idan yana da hujja a littattafan nan nasa cewa haramun ne, ya buɗe ya nuna min, ni kuma na yi alkawari zan bi. Ya dube ni, ya dubi ledar, ya ci gaba da cin tuwonsa. Asabar ta gaba shi ya raka mu. Ya ƙi hawa, ya tsaya bayan gilashi da hannuwa a baya kamar mai duba jarrabawa, amma na ga lokacin da ya yi wuf zai tare 'yarsa da ta tafi luu, ya manta akwai gilashi a tsakaninsu.

Zafin 2013 ne ya zo mana da abin da ya fi ƙarfin tsegumi. Gari ya sake rikicewa, kuma wannan karon kusa da mu. Aka tare manyan hanyoyin unguwar, muna jin jirage masu saukar ungulu suna shawagi, aka sa dokar hana fita, wuta kuma sai ta ga dama take zuwa. Wasu ɗalibai suka tattara iyalansu suka koma gida. Innata ta bugo daga Kanada tana kuka.

"Ke kina da fasfon Kanada, 'yarki tana da shi. Ki ɗauko min jikata ku taho, shi ya biyo ku daga baya."

"Inna, shi ba shi da bizar can. In na tafi wa zai san ya dawo gida ko bai dawo ba?"

"Taurin kan nan naki na ubanki ne."

"To ki ba shi wayar mu gaisa."

Ban tafi ba. Ba jarumta ba ce, ina jin tsoro kamar kowa. Na dai ƙi yarda a raba min gida biyu saboda rikicin da ba ni na haɗa ba.

Abin da ya fi damuna yara ne. An kulle su a ɗaki kamar kaji, ba makaranta ba wasa, ba abin da suke gani sai iyaye sun ƙura wa labarai ido, ko wasannin kwaikwayon Masar da ake ta marin mata a ciki. 'Yata ta fara fitsarin kwance, abin da ta daɗe da bari. Sai wata safiya na tattara sandunan goge ƙasa da na taɓa sarowa a kasuwar Ataba, na ɗaure musu gutsattsarin katako a baki, na samo murfin kwalbar man shanu a matsayin ƙwallo, na ce da ita, "Yalla, maza hau sama." A rufin benen, tsakanin tankunan ruwa da igiyoyin shanya, na zana raga biyu da gawayi. Muka fara mu biyu. Washegari 'ya'yan Basudanen suka hau. Kafin Juma'a 'yan matan benen duk sun hallara, har da 'yar Malama, yarinya mai shekara goma da ban taɓa jin muryarta ba sai a karatu. Ashe hannunta kamar walƙiya. Na sa ta tsaron raga, ba wanda ya iya zura mata.

Ana cikin haka wata rana Malama ta hau shanya ta tarar da mu. 'Yarta na durƙushe gaban raga, ta ɗaure hijabi a ƙugu, tana yi wa sauran kirari. Malama ta ajiye bokiti.

"Ƙanwata, mutane na mutuwa a titi, ke kina koya wa 'ya'yan mutane shashanci?"

"Saboda ana mutuwa a titin ne na hawo da su nan, Malama. Dubi fuskarta. Yaushe rabon da ki ga haƙoranta?"

Ba ta duba ba. Ta kama hannun yarinyar suka sauka, ta bar bokitin. Da yamma ta aiko a ce min in huta da zuwa darasi tukuna.

Ranar Alhamis na yi alwala, na ɗauki Alƙur'anina da bokitinta, na sauka. Na yi sallama, na ajiye bokitin a bakin ƙofa, na wuce na zauna a sahun gaba. Mata suka yi ta satar kallon juna. Na ce, "Malama, darasin na Allah ne, ba da ke nake gaba ba. Idan korata za ki yi, ki kore ni da bakinki." Ta daɗe tana gyara zaman tabarau. Daga ƙarshe ta ce, "Karanta daga inda aka tsaya." Na karanta, ta gyara min madda a wurare da yawa, har da inda na tabbata ban yi kuskure ba. Na karɓa. 'Yarta dai ba ta sake hawa rufin ba. Nakan gan ta a matakala, ta gaishe ni ta sunkuyar da kai, wannan kuma har yau yana ci min rai.

Da gari ya lafa aka ɗage dokar, muka koma filin ƙanƙara. 'Yata ta riga ta ƙware, ta fara rawar kai. Wata Asabar ta ɗebo gudu za ta nuna wa babanta yadda ake tsayawa cak, takalmin ya shiga wani rami a ƙanƙarar, ta kife da baki. Jini ya ɓata mata riga, haƙorin gaba ya guntule rabi, kuma na girma ne, ba wanda zai sake fitowa ba. Muka saka ta a mota sai wurin likita.

Kashegari da hantsi Malama ta hawo dubiya da kwanon kunun gyaɗa. Ta duba leɓen da ya kumbura, ta yi salati, ta tofa mata addu'a. Sannan ta juyo gare ni.

"Tsuntsun da ya ja ruwa, ƙanwata. Yarinya mace, haƙorin gaba. Yanzu dai kin haƙura ko?"

Kafin in buɗe baki 'yata ta cire ƙyallen da ke bakinta, ta ce cikin tsamin baki, "Umma, Asabar za mu koma ko? Ban gama nuna wa Abba ba."

Na dubi maigidana da ke tsaye bakin ƙofar ɗaki. Ya shafa gemu ya ce, "A nemo mata abin kare baki tukuna." Na ce tamam, hakan ya yi, gobe zan shiga Ataba in duba. Malama ta girgiza kai, ta zuba kunun a kofi, ta ce a bari ya huce kafin a ba ta, kuma a nemo cokali ƙarami.