Murhu a Tsohuwar Ganuwa

Masu tallan nono ne suka fara ba ni tsoro. Na hango su a hanyar Bukkuyum sun tsaya, sun juya da ƙorensu ba su ƙaraso ba. Nan na gane sun ga wasu tafe.

Shekarar da na gama sakandare a Gummi ce, lokacin da tungarmu ta ce ta gaji da zama ƙarƙashin garin da kakanninmu suka fito, tana son dagacinta. Rigimar duk ta koma kan tsohuwar ganuwar da ke iyakarmu da su, mai rijiya a ciki. A wurinmu, inda mace ta kafa murhu hayaƙi na tashi, gida ne. Inda wuta ta mutu, kufai ne, mai ƙarfi ya ɗauka. A ranar ne wakilin hakimi zai zo ya gani da idonsa ko wuta na ci a ganuwar. Mazanmu suka zauna gida don kada a zubar da jini, ni da Inna muka tare a ganuwar da tukunya.

Sai ga mutanen garin da sanduna. Wanda ke gabansu tsohon abokin babana ne.

"Ɗiyata, tashi ki ba mu wuri," ya ce da ni.

"Baba, abinci na bisa wuta," na ce.

Inna ko kallonsu ba ta yi ba. "Wake na, Malam. Wanda uwatai ta koya mai zuba ruwa ga wutar da abinci ke kai, ga rijiya can."

Ba wanda ya motsa. Abin kunya ne da ake goranta wa mutum har jikokinsa.

"Mu jira ya nuna," in ji abokin babana. Suka zauna a bakin ƙofar ganuwar, suka hana mu fita neman itace.

Inna ta yi ta ƙara ruwan sanyi a tukunyar don kada waken ya nuna. Itace ya ƙare, muka ƙona zana, muka ƙona kujerar Inna, har muciya. Wani saurayi ya gaji, ya jawo guga cike ya nufo mu. Ban san lokacin da na durƙusa na kare murhun da jikina ba. Bakin zanena ya kama da wuta, na murje shi da hannu.

"Zuba," na ce masa. "Ni za ka fara jiƙawa, garinku duka na kallo."

Ya tsaya da gugan, ruwa na ɗiga a ƙafarsa. Har yau in na ji ƙarar guga a rijiya sai gabana ya faɗi.

Bayan la'asar babur ɗin wakilin ya iso. Ya dubi ɗan hayaƙin da ya rage, ya dubi hannuna da ya tashi.

"Gida na tarar," ya ce. "Tashi, yarinya, ba mai taɓa ki."

Na miƙe, Inna ta sauke tukunyar.