Abin da ɗan farina yake kiwo

Shekarar da soja suka yi rabon jar dawa a Mayahi, shekarar ce hankalin maigidana ya soma gudu. Ba hauka ba ce, kada wani ya ce hauka. Tsufa ne ya hau masa kai. Sai ya saɓi hauya ya nufi gonar da ko ciyawa ba ta tsiro ba, wai zai duba gero. Ni ke masa wanka, ni ke ba shi kunu a baki, kuma duk garinmu Gidan Amumune ba wanda ya taɓa ganinsa da ƙazamar riga.

Ana cikin haka ɗan farina ya zo daga Faransa, inda gwamnati ta tura shi karatu. Mun ɗauka likita ne. Ya durƙusa gaban ubansa, uban ya dube shi ya ce a ba baƙo ruwa.

Ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunansa ba, ba na zama hira da shi. Sai na tura gwaggonsa ta tambaye shi ko ya zo da magani, ni kuma ina bayan dangar kara ina tankaɗe, kunnena yana wurinsu.

Ya ce babu magani tukuna. Wai a cikin ƙwaƙwalwa akwai ƴan ƙwayoyi masu tunani, akwai kuma waɗanda aikinsu ciyar da masu tunanin da share musu wuri. Waɗannan na biyun yake kiwo. Daga kan ɓera ake ciro su, a zuba a ƴan faifan gilashi, a ajiye cikin akwati mai ɗumin jikin mutum. Bayan kwana biyu ko uku ya sauya musu wani jan ruwa da suke sha, yana duba yadda suke tsufa.

Gwaggon ta yi dariya har da tafi. Ta ce, mu nan shanu sun ƙare, kai kana can kana kiwon kan ɓera. Ni ban yi dariya ba. Na gane aikin, shi nake yi tun sallar asuba.

Kwana goma sha biyu ya yi. Ya bi layin dawa a madadina, ya yi wa ubansa aski. Ya bar wa wani abokin aikinsa kiwon, wa'adin kuwa ya cika. In bai koma ba, aikin shekara biyu ya mutu.

Ranar tafiya ya tsaya bakin ɗakina, kansa a ƙasa.

"Inna, in zauna?"

A lokacin ɗaga tsohon ya riga ya soma gagarata. Kalma ɗaya ce zan faɗa ya zauna. Amma uwata ba ta taɓa roƙon ɗan farinta ba, ni ma ban iya ba. Na dubi turmi na ce, "A gaya masa mota ba ta jira."

Kafin damina maigida ya cika, da hantsi, ludayi yana hannuna. Takardar rasuwa ta yi wata guda a hanya kafin ta kai Faransa.

Yanzu ni ce nake ajiye carbi in manta inda na sa shi. Yaron ya yi furfura, yana can yana sauya ruwa. Ya sha zuwa, bai sake yi mini tambayar ba.