Soron Kakanninsu

Ranar Talata ce. Na turara shinkafa da safe na shanya a tsakar gida. Ɗiyata Hadiza, shekararta shida, tana korar mini kaji.

Ƙauyenmu yana bayan Argungu, bakin fadama. Gida arba'in ma ba mu kai ba, amma in mazanmu suka zauna hira sai ka rantse birni ne. Abin taƙamarsu soron kakanni: ginin ƙasa, kaurin bango kamu biyu, ƙofa guda, taga kamar bakin tulu. Wai zamanin yaƙin dawaki nan ake tara mata da yara, maza su tsaya bakin ƙofa da kwari da baka. Kullum labarin ke nan, daga mutanen da ko kare ba su taɓa kora ba.

Ƙarfe goma saura muka ji babura. Sai harbi daga wajen maƙabarta.

"Mata, soro! Yara, soro!"

Muryar mai gari ce. Surukata ta fizgi Hadiza ta yi can. Ni na koma ɗaki ɗauko jaririna. Kafin in iso sun ja ƙyaure sun sa sakata. Na buga, ba a buɗe ba. Na waiga neman masu tsaron ƙofa. Tir! Ƙeyarsu kawai na hango cikin gonakin shinkafa, har da mijina, takalminsa a hannu. Rabin al'adar suka riƙe, rabin da ba ya bukatar zuciya.

Na kwanta a ramin da ake ɗibar ƙasar gini, na toshe bakin yaro da nono. 'Yan bindigar ko bangon ba su taɓa ba. Fetur suka watsa wa ƙyaure, suka zuba saura ta taga. Azarar rufin ta kama da wuta. Ina jin muryoyi har ƙarfe sha ɗaya. Daga nan sai ƙarar wuta kaɗai.

Da azahar na bi fadama, ruwa har gwiwa. Da la'asar na fito titi. Wani mai motar albasa ya kai ni Birnin Kebbi, gidan yayana a unguwar Badariya.

Kwana uku sai ga mijina, yana sharar hawaye, wai ƙaddara. Ko ruwa ban miƙa masa ba.

Waɗanda suka koma jana'iza sun ce mutum goma sha huɗu ne a ciki. Surukata da munduwarta aka gane ta. Hadiza ba ta sanye da abin da wuta ke bari. An dai ƙirga da ita.